Tarihin Marigayi Umaru Ganda: Ɗan Dakon Da Ya Ɗaukaka Sunan Nijar A Harkar Fim

Duk wanda ya saba ratsa kasuwar Dole ta Damagaram ya san cewa fim ya daɗe da zama haja kamar atamfa da goro. Da can kaset ake sarowa daga Kano, daga baya faifai ya ture kaset, yanzu kuwa yaro ne zaune gaban kwamfuta yana tura wa jama'a a waya. Iyayenmu mata masu sayar da kayan miya sun san 'yan wasan Kano da na Indiya ɗaya bayan ɗaya, har sukan yi gardama a kan wanda ya fi wani iya kuka. Amma da za a tambayi wane ne mutumin da ya fara cin babbar kyautar fim ta Afirka baki ɗaya, kaɗan ne za su ce ɗan Nijar ne, kuma ɗan dako ne kafin ya riƙe kyamara. Shi ne marigayi Umaru Ganda, wanda filinmu na yau zai waiwayi tarihinsa.

Haihuwarsa da shigarsa soja

An haifi Umaru Ganda a Yamai a shekarar 1935, Bazabarme ne. A lokacin shekara 9 ke nan da Turawan Faransa suka ɗauke babban birnin mulkinsu daga Damagaram suka mayar da shi Yamai, wato a 1926, saboda haka garin da ya taso a cikinsa bai kai Damagaram tarihi ko kasuwa ba. Ya yi karatun firamare a nan Yamai, bai yi nisa ba ya bari.

Yana ɗan shekara 16, a 1951, ya shiga sojan Faransa. A wancan zamani Faransa tana fama da yaƙi a yankin da ake kira Indocin, inda ƙasar Biyetnam take a yau, domin mutanen can sun tashi tsaye suna neman 'yancin kansu. Faransa ta riƙa kwasar samari daga ƙasashen da take mulka a Afirka tana kai su filin daga, Umaru na cikinsu, ya kuma yi kamar shekara 2 a can. A 1954 aka ci sojan Faransa da yaƙi a wani kwari mai suna Dien Bien Phu, yaƙin ya ƙare, aka fara sallamar sojoji. Umaru ya komo gida da kakinsa da 'yan kuɗinsa, ya nemi aiki a Yamai bai samu ba.

Cirani a Abijan

Abin da samarinmu ke yi har gobe in gida ya yi zafi, shi ya yi. Ya ɗauki hanyar kurmi, ya sauka Abijan ta ƙasar Kwaddibuwa, ya zauna a unguwar Treichville inda 'yan cirani daga Nijar suka yi yawa. A tashar jiragen ruwa ya samu abin yi, wato dako: a wayi gari a yi layi a bakin ƙofa, wanda aka ɗauka ya yini yana sauke buhuna, wanda ba a ɗauka ba ya koma ya jira gobe.

A nan ne Allah Ya haɗa shi da wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch. Shi wannan Bature ya fara zuwa Nijar ne a 1941 a matsayin injiniyan hanya, daga baya ya koma binciken al'adun mutanen bakin kogin Kwara yana ɗaukar su a fim. A lokacin da suka haɗu yana binciken yadda mutanen Nijar ke tafiya cirani zuwa bakin teku, sai ya ɗauki Umaru aikin tambayar 'yan cirani da rubuta adadinsu. Da ya ga yaron yana da baki da kuzari, sai ya sa shi a gaban kyamara.

Fim ɗin da suka yi a 1957, wanda ya fito a 1958, sunansa Moi, un Noir, ma'ana Ni Baƙar Fata. Yadda aka yi shi ya saɓa wa yadda aka saba yin fim a duniya. Babu rubutaccen labari, babu ƙwararrun 'yan wasa, babu ɗakin da aka ƙawata. Ƙaramar kyamara ce ta hannu wadda ake ɗaure wa zare kamar agogo, ba ta ɗaukar murya, kuma ba ta wuce 'yan daƙiƙoƙi sai an sake ɗaure ta. Fim ɗin ya nuna Umaru da abokansa cikin mako guda na rayuwarsu, daga wurin dako zuwa wurin cin abinci, zuwa yawon Asabar da Lahadi, har gari ya sake wayewa ran Litinin. Bayan an haɗa hotunan sai aka zaunar da Umaru yana kallo yana magana, duk abin da ya zo bakinsa ya faɗa, aka naɗi muryar aka ɗora a kan hoton. A cikin fim ɗin samarin sun ara wa kansu sunayen taurarin silima na Turai da Amurka, shi Umaru ya zama Edward G. Robinson, yana kuma mafarkin zama zakaran dambe. A ƙarshe an nuno shi yana tafiya a bakin ruwa tare da wani yaro, yana kwatanta masa yadda aka yi yaƙin Indocin, yana faɗuwa ƙasa yana tashi.

Fim ɗin ya ci kyautar Louis Delluc a Faransa a 1958, kuma matasan masu shirya fim na can, irin su Jean-Luc Godard, sun yaba shi matuƙa, sun kuma koyi darasi daga gare shi.

Irin wannan yunƙuri a Ingila

Domin mai karatu ya gane girman abin da ya faru, ya kamata mu leƙa Ingila, inda a daidai wannan lokaci wasu matasa suka gaji da finafinan manyan kamfanoni waɗanda ba su nuna kowa sai masu hali. A watan Fabrairu na 1956 Lindsay Anderson da Karel Reisz da Tony Richardson da wata mata Lorenza Mazzetti suka nuna gajerun finafinansu a Landan ƙarƙashin sunan Free Cinema, wato fim mai 'yanci. Su ma ƙananan kyamarori suka ɗauka suka shiga titi da wuraren talakawa.

Ɗaya daga cikin finafinan ya shafe mu kai tsaye. A 1957 Anderson ya yi Every Day Except Christmas, ma'ana Kullum Ban Da Ranar Kirsimeti, a kan kasuwar kayan lambu da furanni ta Covent Garden. Ya bi motocin kaya tun tsakar dare, ya nuna 'yan dako suna saukewa, 'yan sari suna ciniki, masu shayi suna hidima, tsofaffin mata masu tallar furanni suna zaɓen abin da za su saya. Ya ci babbar kyauta a bikin finafinai na Venice a wannan shekarar. A 1974 aka tashi kasuwar aka mayar da ita wata unguwa, amma fuskokin mutanenta suna nan a fim. A 2006 Cibiyar Finafinai ta Birtaniya ta tattara waɗannan finafinai ta fitar da su a faifai domin mai so ya saya ya kalla a gidansa. Mai karatu ya riƙe wannan magana ta faifai, za mu komo kanta.

Ya karɓi kyamara da hannunsa

Yabon da Moi, un Noir ya samu, yawancinsa wurin Rouch ya tafi. Umaru kuwa daga baya ya nuna cewa bai gamsu da wasu sassan fim ɗin ba, domin rayuwarsa ce aka nuna amma da idon wani. Ya komo Yamai ya kama aiki a cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, inda aka kafa ƙungiyar koyon aikin kyamara. A can ya koyi sana'ar daga tushe, tare da wasu matasa da suka zama magabatan fim na Nijar. Sa'ansa a wannan fage shi ne Mustafa Alasan, wanda ya yi suna wajen finafinan zane.

A 1968 ya shirya fim ɗinsa na farko, Cabascabo, mai hoto baƙi da fari, tsawonsa minti 45. Shi ya rubuta, shi ya ba da umarni, shi ya fito a matsayin tauraron. Labarin tsohon soja ne da ya komo daga Indocin da kuɗi a aljihu. Abokai suka yi masa caa, maroƙa suka yi ta wasa shi, mata suka kewaye shi, shi kuwa yana ta rabo kamar kuɗin ba za su ƙare ba. Ran da aljihu ya bushe, kowa ya watse. Ya nemi aikin da ya dace da tsohon soja bai samu ba, ya gwada leburanci aka wulakanta shi, daga ƙarshe ya juya ya nufi karkara. A tsakanin haka ana nuno abin da yake tunawa na filin daga, da abokan da suka mutu a yaƙin da ba nasu ba.

Babu ɗan kasuwar da bai san irin Cabascabo ba. Mun ga wanda ya komo daga Libiya ko Makka ko Legas da jari, 'yan abi-yarima-a-sha-kiɗa suka cinye shi cikin wata uku, ya dawo yana neman bashin kuɗin mota. A 1969 aka nuna fim ɗin a bikin finafinai na Cannes a Faransa, ya kuma samu kyauta a bikin Mosko.

Kyautar Wagadugu

A 1970 ya fitar da Le Wazzou polygame, da harshen Zabarmanci. Kalmar wazzou 'yar'uwar wa'azi ce a Hausa, saboda haka sunan yana nufin wa'azin mai mata da yawa. Wani attajiri ne ya komo daga aikin Hajji, ana ce masa Alhaji, yana yi wa mutane nasiha, sai idonsa ya faɗa kan wata yarinya mai suna Satu wadda aka riga aka yi wa wani saurayi, Garba, alkawarinta. Dukiya ta yi aikinta, iyaye suka juya baya, Garba ya bar gari cikin baƙin ciki. Ɗaya daga cikin matan Alhajin kishi ya rufe mata ido, ta ƙudura kashe amarya cikin dare, sai ta kuskure ta kashe wata ƙawar amarya wadda ba ta san hawa ba ta san sauka ba.

Umaru Musulmi ne, kuma abin da ya sa wa yatsa a wannan fim shi ne mutumin da ke fakewa da rawani da dukiya ya ƙwace abin da aka yi wa talaka alkawari, da iyayen da ke sayar da 'yarsu, da kishin da ke kai mace ga halaka. Ya raba laifin ga kowa daidai gwargwado.

A 1972 bikin finafinan Afirka na Wagadugu, wanda aka sani da FESPACO, aka kuma fara shi a 1969, ya soma ba da babbar kyauta mai suna Ingarman Yennenga. Fim ɗin da ya fara ɗaukar ta a tarihi shi ne wannan na Umaru Ganda. Mutumin da shekara 15 kafin nan yake layin dako a Abijan, shi ya dawo wa Nijar da ita.

A wannan shekara ta 1972 ya yi Saïtane, wato Shaiɗan, a kan wani malamin tsibbu da ya mayar da zaurensa wurin haɗa matar aure da wani mai kuɗi, yana karɓa daga kowane ɓangare. Fim ɗinsa na ƙarshe mai tsawo shi ne L'Exilé na 1980, ma'ana wanda ya yi gudun hijira, wanda ya ɗauko daga tatsuniya. Wani sarki ne mai yawon dare ya ji wasu 'yan'uwa biyu suna cewa in za a aura musu 'ya'yan sarki, sun yarda a sare kawunansu. Sarki ya aura musu, bayan shekara ya ce a cika alkawari. Ɗaya ya miƙa wuya, ɗaya ya gudu da matarsa, amma maganar da ya furta ta yi ta bin sa duk inda ya je. Mu da muke ba da kaya bashi a kan kalmar baki kawai, ba takarda ba shaida, mun fi kowa sanin cewa alkawari kaya ne.

Abin da 'yan kallo suka ce

Ra'ayin 'yan kallo a kan irin waɗannan finafinai ya rabu tun wancan zamani, kuma har yau gardamar ba ta mutu ba. Wasu na ganin fim ɗin da babu waƙa, babu rawa, babu jarumin da zai doke mutum goma, kuma a tashi ba a ɗaura auren masoya ba, bai cancanci kuɗin shiga ba, domin mutum ya yini a rana yana ciniki, da dare hutu yake nema. Wasu kuma na ganin cewa ganin gidanka da tufafinka da matsalarka a kan allo ya fi kowace rawa daɗi, ko da abin da aka nuna maka mai ɗaci ne. Mu a ganinmu kowane na da gurbinsa, kamar yadda rumfar mai alewa ba ta hana ta mai magani ciniki.

Wadda ta fi ɗanɗana zafin ra'ayin 'yan kallo ita ce Zalika Sule, 'yar wasan da ta fito a yawancin finafinan Umaru. Sau da yawa ita ake ba matsayin macen da jama'a ke ƙi, sai mutane suka kasa raba wasa da gaskiya, suka riƙa yi mata kallon mai irin wannan hali. A 2004 Rahmatu Keita ta yi fim a kan rayuwarta mai suna Al'lèèssi, inda aka ga tauraruwar jiya tana zaman talauci a Yamai. Ta rasu a 2021. 'Yan wasan Hausa mata na zamanin kaset sun sha irin wannan kallo, abin da ke nuna cewa ciwon tsoho ne.

Me ya hana hajarsa shiga kasuwa?

A nan ne tarihin Umaru ya zama darasin kasuwanci. Ya yi kaya mai kyau, duniya ta shaida, amma hanyar da kaya ke bi su isa hannun mai saye ba ta hannunsa. A zamaninsa kamfanoni biyu na Faransa, COMACICO da SECMA, su ke riƙe da rarraba finafinai da yawancin gidajen silima a ƙasashen Afirka rainon Faransa. Sun fi samun riba su kawo tsofaffin finafinan Amurka da Indiya da Faransa masu araha da su sayi na ɗan gida. Bugu da ƙari finafinan Umaru na farko gajeru ne, an kuma ɗauke su a kan siririn zare wanda ba shi manyan gidajen silima suka saba amfani da shi ba, sai suka fi yawo a cibiyoyin al'adu da bukukuwan ƙasashen waje. Ƙasar Burkina Faso, wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, ta karɓe gidajen silimarta a 1970 saboda wannan matsala. Daga baya ƙasashe da dama suka haɗu suka kafa kamfanin rarraba finafinai na haɗin gwiwa a Wagadugu, wanda wani ɗan Nijar, Inusa Useini, ya shugabanta, amma bai yi nisa cikin shekarun 1980 ba ya durƙushe.

Abin da gwamnatoci suka kasa, 'yan kasuwa suka yi shi. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, kafin shekara 10 kuwa kaset ɗin Hausa ya zama babbar sana'a. 'Yan sari na Ƙofar Wambai suka riƙa ɗura wa motoci, kaya na bi ta Daura da Magarya da Matamai su sauka Damagaram, wasu su bi ta Katsina su shiga Maraɗi. Fim ya shiga ɗakin matar aure wadda ba ta taɓa taka gidan silima ba. Sai dai Umaru bai ga wannan zamani ba, kuma finafinansa ba su hau wannan mota ba. Moi, un Noir, wanda Bature ya shirya, an fitar da shi a faifai a Faransa da Amurka, kamar yadda Ingilishi suka fitar da na 'yan kasuwarsu. Amma mai karatu ya zaga rumfunan masu tura finafinai ya tambayi Cabascabo ko Saïtane ya ga amsar da za a ba shi.

Wani zai ce ai da Zabarmanci da Faransanci aka yi su. To finafinan Indiya fa? Shekaru da dama muka yi muna kallon su ba mu jin ko kalma ɗaya, daga baya samarin Kano suka shiga fassara su da Hausa har ta zama sana'a mai ci. Bakin da ya iya sa Ba'indiye ya yi Hausa ba zai gaza da Bazabarme maƙwabcinmu ba. Abin da ake bukata shi ne hukumomin al'adu na Nijar da masu haƙƙin finafinan su zauna da masu fassara da 'yan kasuwa a yi ciniki na halal, iyalan waɗanda suka yi wahalar su ma su samu rabonsu.

Rasuwarsa da abin da ya bari

Umaru Ganda ya rasu a Yamai ranar 1 ga Janairu, 1981, sakamakon ciwon zuciya, bai wuce shekara 45 da 'yan watanni ba, yana kuma cikin shirin wani sabon fim. Gwamnatin Nijar ta sa wa babbar cibiyar al'adu ta Yamai sunansa, FESPACO kuma ta ƙirƙiro kyauta da sunansa wadda ake ba wanda ya fi iya shirya fim ɗinsa na farko. Shi kuwa Jean Rouch ya rasu a hatsarin mota kusa da Birnin Ƙonni a watan Fabrairu na 2004, aka binne shi a Yamai.

Hanyar da Umaru ya share ta iso Damagaram. A farkon shekarun 1980 Mahamman Bakabe ya yi Si les cavaliers, a kan shirin tawayen da aka yi wa Turawa a Damagaram a 1906, wanda ya sa aka tuɓe Sarki Amadu ɗan Basa. A 2016 Rahmatu Keita ta fitar da Zin'naariyâ, labarin wata 'yar gidan sarauta a masarautar Damagaram. A 2021 kuma 'yar garin, A'isha Maki, ta fitar da fim mai suna Zinder a kan samarin unguwar Kara-Kara, ta bar su suna ba da labarin kansu da bakinsu, kamar yadda ɗan dakon Abijan ya yi a 1957.

Muna kira ga 'yan kasuwarmu, musamman masu sana'ar fim da iyayenmu mata da su ne manyan 'yan kallo, da su riƙa tambayar waɗannan finafinai da sunansu, domin abin da mai saye ya yawaita tambaya shi ɗan sari ke nemowa. Allah Ya jiƙan Umaru Ganda, Ya gafarta masa kurakuransa, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani, amin.